Ranar Kallon Tseren Mini a Brands Hatch: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana

Duk shekara, da zarar sanyi ya ja da baya a Ingila rana ta fara tsawo, kulob ɗinmu na masu tsohuwar motar Mini yakan ware rana guda mu ɗunguma zuwa Brands Hatch kallon tsere. Ni aka ɗora wa haɗa tafiyar, kuma tambayoyin da sababbin shiga da 'yan rakiya suke yi mini kusan iri ɗaya ne, har bakina ya gaji da maimaitawa a waya. Shi ya sa na tara su wuri guda. Wasu na shirin tafiya ne, wasu kuwa na mutumin da bai taɓa ganin tseren mota ido da ido ba, yana mamakin abin da zai sa magidanta su tashi da asuba don kallon motocin da ba su fi akwati girma ba.

Me ake yi a ranar, daga safe zuwa yamma?

Muna haɗuwa da sassafe a wani gidan mai, mu jera motoci mu kama hanya. A filin tseren akwai wurin da ake keɓe wa kulob-kulob, nan muke jera motocinmu gefe da gefe, wasu su buɗe bonet don masu son leƙa inji. Da safe direbobin tsere suke yin zagayen gwaji, wanda lokacin da kowa ya yi a cikinsa shi ke nuna inda zai tsaya a sahun tashi. Mafi sauri shi ne a gaba. Daga nan sai tsere ya biyo bayan tsere har la'asar sakaliya. Kowanne gajere ne, galibi minti 15 zuwa 20, don haka ba a zaman jiran tsammani. Tsakanin tsere da tsere mutum ya zaga wurin makanikai, ya duba 'yan tebur masu sayar da kayan gyara, ko ya koma gindin motarsa ya sha shayi.

Ina ne Brands Hatch, kuma me ya sa can?

A yankin Kent yake, kudu maso gabashin Landan, tafiyar kamar mil 20 daga tsakiyar birnin, a bakin hanyar A20 kusa da ƙauyen West Kingsdown. Wanda ba shi da mota yakan hau jirgin ƙasa zuwa Swanley, daga nan ya ɗauki tasi.

Dalilin zaɓensa kuwa, siffar ƙasar wurin ce. Filin yana cikin kwari ne kamar ƙwarya, 'yan kallo suna bisa gefe, hanya tana ƙasa. Akwai zagaye biyu. Ƙaramin, wanda ake kira Indy, mil 1.2 ne, kusan kilomita 2, kuma daga wurare da dama kana ganin kusan dukansa ba tare da ka motsa ba. Babban kuwa mil 2.4 ne, yana kutsawa cikin daji ya dawo, amma kwanaki ƙalilan ake amfani da shi a shekara saboda ƙa'idar ƙara da aka gindaya don maƙwabta. Ga ƙananan motoci ƙaramin ya fi, domin cikin kusan minti ɗaya sun zagayo sun dawo gabanka.

Wurin kuma da ƙananan motoci ya fara. Da can filin ciyawa ne na masu keke da babur. A 1950 aka shimfiɗa masa kwalta, kuma motocin da suka fara tsere a kai 'yan mitsi-mitsi ne masu injin babur na cc 500. A 1954 aka ƙara kwanar Druids, aka kuma juya alkiblar gudu ta koma yadda hannun agogo ke tafiya. Babban zagayen ya zo a 1960. Tsakanin 1964 da 1986 an yi gasar Grand Prix ta Birtaniya sau 12 a nan, kuma a nan Nigel Mansell ya fara cin tseren Formula 1 a 1985. Tun 2004 filin yana hannun kamfanin MotorSport Vision na Jonathan Palmer, tsohon direban tsere.

Wace irin mota ce Mini da har ake yi mata kulob?

Rikicin mashigin Suez na 1956 ne ya haife ta. Fetur ya yi wuya a Birtaniya har aka koma rabon sa da kati, mutane suka fara sayen ƙananan motocin Jamus. Kamfanin ƙera motoci na BMC ya ba injiniya Alec Issigonis, haifaffen Izmir ta ƙasar Turkiyya ta yau, aikin ƙera motar da za ta ɗauki mutum huɗu alhali tsawonta bai wuce ƙafa 10 ba. Abin da ya yi shi ne ya gicciya injin maimakon ya miƙe shi, ya cusa giyabos a ƙarƙashin injin suna shan baƙin mai ɗaya, ya sa tayoyin gaba su ne masu ja, sannan ya kai tayoyi huɗun can ƙarshen kusurwoyin motar. Tayoyin kansu inci 10 ne kacal. A madadin sifirin na ƙarfe, wani injiniya, Alex Moulton, ya yi mata na roba. Ta fito kasuwa a watan Agusta na 1959 da sunaye biyu, Austin Seven da Morris Mini-Minor, da injin cc 848.

An ci gaba da ƙera ta har Oktoba 2000, fiye da miliyan 5. Galibin ƙananan motocin da ke kan titi yau, daga Toyota Starlet zuwa Golf, wannan tsari na gicciyayyen inji da jan gaba suka bi.

To yaya motar cefane ta koma motar tsere?

Ba da niyya ba. Issigonis wurin zama yake nema, amma da ya tura tayoyi kusurwa ya kuma saukar da nauyi ƙasa, sai ya samu motar da ke shan kwana kamar an manna ta da kwalta. Wanda ya fara hango haka shi ne abokinsa John Cooper, mai ƙera motocin tsere, wanda shi da mahaifinsa suka yi suna da waɗancan 'yan motoci na cc 500, kuma motarsa ta ci kambin Formula 1 a 1959 da 1960 a hannun Jack Brabham. Issigonis bai so ba da farko, shi motar talaka ya ƙera. Amma a 1961 Mini Cooper ta fito da injin cc 997 mai ƙarfin doki 55, maimakon 34 na asali, a 1963 kuma Cooper S ta biyo baya.

Daga nan labari ya sha bamban. Ta ci gasar Monte Carlo, tseren dogon zango na titunan duwatsu a lokacin sanyi, a 1964 a hannun Paddy Hopkirk, a 1965 a hannun Timo Mäkinen, a 1967 a hannun Rauno Aaltonen. A 1966 ma motocin Mini ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku, aka soke su kan ƙa'idar fitilun gaba. Kada ka tayar da wannan zance a gaban dattawan kulob sai idan kana da lokaci, domin har yau abin bai huce musu ba. A filayen tsere kuma, John Whitmore ya ci gasar motocin gida ta Birtaniya da Mini a 1961, John Love a 1962, Alec Poole a 1969, Richard Longman a 1978 da 1979.

Motocin da ba su da wani gudu, ina daɗin kallonsu yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma wanda ya yi ta yawanci talabijin ya saba gani. Ni a ganina tseren ƙananan motoci ya fi na manya daɗin kallo nesa ba kusa ba, ga kuma hujjata.

A manyan gasa, motar da aka fi kashe wa kuɗi takan tsere wa saura tun zagaye na biyu, sai a koma kallon jerin gwano. A nan kuwa ƙa'ida ta ɗaure kowa: girman inji ɗaya, irin taya ɗaya, akwai nauyin da mota ba za ta yi ƙasa da shi ba. Idan motoci 30 kusan ƙarfinsu ɗaya, abin da ya rage shi ne hannu da ƙafa da zuciyar direba.

Sannan ƙaramin inji ba ya yafe kuskure. Mai babban inji idan ya ɓata kwana, sai ya take totur ya rama abin da ya rasa. Mai Mini ba shi da wannan gata. Gudun da ya zubar a kwana ɗaya zai bi shi bashi har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, yana ji yana gani motoci uku su wuce shi. Saboda haka gwanayensu da ƙyar suke taɓa birki. Sukan ɗan ɗaga ƙafa daga totur a bakin kwana, nauyi ya koma gaba, bayan motar ya yi sako-sako ya fara zamewa, hancinta ya dubi cikin kwanar, sai su sake ba ta wuta tayoyin gaba su ja ta su fitar. Daga gefe za ka ga mota tana tafiya a karkace, wani lokacin tayar baya ta ciki ta ɗage sama ba ta taɓa ƙasa, kamar kare ya samu gindin bishiya. Ba wasa direban yake yi ba, hanyar da ta fi sauri kenan.

Abu na uku iska ne. Mini ba ta da sulɓin jiki, fuskarta kamar bulo take. Ta gaba ita ke fasa iska, ta bayanta kuwa tana tafiya a cikin ramin da aka buɗe mata, don haka tana samun ƙarin gudu kyauta. Da sun kusa ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya sai ta baya ta fito gefe ta wuce. A zagaye na gaba a rama mata. Shi ya sa ba kasafai wani yake ɓallewa ya tafi shi kaɗai ba. Za ka ga motoci shida ko takwas a dunƙule, bamba na shafar bamba, jagora yana canzawa sau biyu ko uku a zagaye guda. Wayayyun direbobi ma ba sa son su shiga zagayen ƙarshe suna gaba. Sun fi son na biyu, su laɓe, su fito daga kwanar ƙarshe, Clark Curve, da ƙarfi su sha gaba a bakin layi. Sau da yawa ido ba ya iya raba na ɗaya da na biyu, sai na'urar ƙidayar lokaci ta yanke hukunci.

Na ji ana cewa Se7en, ana cewa Miglia. Mene ne bambancinsu?

Dukansu gasa ne na Mini 7 Racing Club. Se7en, wadda ake rubutawa da lamba 7 a tsakiya, ta fara a 1966 da injin 850, yanzu kuma cc 998 ne, da taya mai zane. Miglia ta zo a 1970, yau injinta cc 1293, tayarta kuma sumul ce babu zane, mai kama kwalta sosai idan ta yi zafi. Miglia ta fi gudu da daƙiƙoƙi kaɗan a kowane zagaye, ta fi faɗin ƙafa, ta fi ƙara. Akwai kuma ƙananan rukunai da ke gudu tare da su, kamar S-Class na masu ƙaramin ƙarfi a aljihu.

Idan za ka tambaye ni, Se7en na fi so. Miglia ta fi burge kunne, amma dambe na gaskiya yana wurin ƙananan.

Ba Mini kaɗai ke irin wannan ba. Akwai masu Citroën 2CV da ke tseren awa 24 a filin tseren Snetterton, akwai na Citroën C1, akwai na Ford Ka. Kulob ɗin 750 Motor Club ma tun 1939 aka kafa shi saboda masu ƙaramar Austin 7.

Ina ya fi dacewa in tsaya?

Tseren farko, ka tafi Paddock Hill Bend. Ita ce kwanar farko bayan layin tashi, kuma talabijin na cutar ta, domin ba ya nuna zurfinta. Direba yana tunkarar ta ne daga kan tudu, ba ya ganin inda za shi, sai hanya ta karya dama ta kuma faɗa gangara lokaci ɗaya. A gindin gangarar mota takan durƙushe har ka ji ƙarfe ya kartar ƙasa, sannan ta hau tudu zuwa Druids. Ganin motoci 30 suna shiga wurin nan uku-uku a zagayen farko, ni dai har yau sai na riƙe numfashi. A gefen hagu akwai filin tsakuwa mai faɗi, wanda duk ya yi ganganci can yake ƙarewa, tayoyi su nutse, ƙura ta tashi.

Tsere na biyu, ka hau zuwa Druids. Kwana ce mai lanƙwasa kamar ƙugiya, a nan ake taka birki mafi tsanani, kuma a nan kake kusa da motocin har kana ganin hannun direba a kan sitiyari. Masu ɗaukar hoto nan suke tarewa.

Wanda ya zo da iyali ko ƙafarsa ba ta son yawo, gangaren ciyawa na South Bank ya ishe shi. Daga can ana hango Paddock Hill, da gangarowa zuwa kwanar Graham Hill Bend, da miƙaƙƙiyar hanyar Cooper Straight.

Mutanen nan masu kaya ruwan lemo da tutoci fa?

Su ne masu tsaron hanya, kuma 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyansu ba. In babu su babu tsere. Tutocinsu ne harshen da ake magana da direba:

Rawaya, akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa. Kore, hanya ta buɗe. Ja, an tsayar da tsere. Shuɗiya, wanda ya fi ka gudu yana bayanka. Mai ratsin rawaya da ja, kwalta na da santsi, galibi mai ne ya zuba. Fara, akwai mota mai tafiyar hawainiya a gaba. Baƙa mai da'ira ruwan lemo tare da lambar mota, motarka na da matsala, ka shigo. Baƙa ƙirin da lamba, alƙalai na kiranka, kuma ba don alheri ba. Mai gidan dara baƙi da fari, an gama.

Idan ka iya karanta su, za ka riga mai sharhi a lasifika sanin abin da ya faru a bayan tudu.

Da gaske ana barin mutum ya shiga wurin makanikai?

A irin wannan taro na kulob, ƙwarai kuwa, kuma a nan rabin daɗin ranar yake. Babu shinge tsakaninka da motocin. Galibin direbobin mutane ne masu sana'arsu ta yau da kullum, sun jawo motar a tirela, matar gida na riƙe da agogo, ɗa na auna iskar taya.

Wata shekara na tsaya kan wani dattijo da motarsa ta dawo daga gwajin safe giya ta biyu ta ƙi shiga. A Mini ba a taɓa giyabos sai an ciro inji gaba ɗaya. Saura awa uku a kira su. Kafin ka ce kwabo, mutum huɗu sun kewaye motar, biyu daga cikinsu sanye da kayan tsere, wato abokan karawarsa ne. Ɗaya ya kawo ƙugiyar ɗaga inji, ɗaya ya koma motarsa ya dawo da giyabos a cikin bokitin roba an lulluɓe shi da tsohon tawul. Dattijon yana kwance a kan kwali, hannunsa kawai ke fitowa, a sa masa sifana a ciki ba tare da ya ce komai ba. Ƙusoshin da aka kwance duk suna cikin murfin kwanon abinci. Da aka tayar da injin, wanda ya ba da aron giyabos ɗin ya goge hannu a wando ya tafi. A tseren, su biyun ne suka yi ta gogayya a tsakiyar sahu.

Ladabin wurin kaɗan ne. Kada ka taɓa mota ko ka jingina da ita. Idan ka ga mutum ya sa hular kwano ko kansa na cikin inji, ba lokacin hira ba ne. Bayan tsere kuwa, tambayi abin da kake so, za su ba ka labari har ka gaji. Ka riƙa waiwaye, domin motocin na ratsawa ta cikin mutane, direban da aka ɗaure da bel kuma ba ya iya juya wuya.

Ba haɗari?

Akwai, kuma a jikin tikiti ma an rubuta gargaɗin haka. Amma an yi tanadi. Kowace mota an cire mata kujeru da kafet, an gina kejin bututun ƙarfe a cikinta, akwai bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, da na'urar kashe gobara, da makunnin yanke wuta da ake iya kaiwa daga waje. Direba na sanye da kayan da wuta ba ta saurin ci, da hular kwano, da abin tallafe wuya. Masu bincike suna duba motoci da kayan, likita da motar asibiti suna wurin. Mini takan kife, na sha gani, kuma galibi direban yakan fito da ƙafarsa yana duba ɓarnar da aka yi wa aljihunsa. Kai ɗan kallo, naka shi ne ka tsaya bayan shinge, kada ka ɗora yaro a kansa.

Wannan ba irin wasan motar da samari ke yi ranar ɗaurin aure ba ne?

A'a. Wancan a titin jama'a ake yi, cikin mutane, babu shinge babu likita, kuma burinsa a ja ido. Wannan a killataccen fili ne, kowa na tafiya alkibla ɗaya, kowane direba na da lasisin tsere, kuma wanda ya yi tuƙin banza alƙalai za su hukunta shi ko su kore shi. Juya mota a yi ƙura a nan asarar lokaci ce.

Ba ni da Mini. Ko kuma tawa sabuwar ce. Zan iya zuwa?

Zo. Wanda ba shi da ita ya ajiye motarsa a wurin kowa da kowa ya tako ya same mu, ko ya yi magana da wuri a nema masa kujera. Sai dai ka sani, bayan Mini ba wurin dogon mutum ba ne.

Sabuwar, wadda BMW ke ƙerawa a Oxford tun 2001, muna karɓar ta. Za a tsokane ka cewa motarka ta ci ta ƙoshi, ka yi dariya kawai. Ita ma tana da gasarta, Mini Challenge.

Yaya ake tafiyar ayari?

A zo da tanki cike, an duba ruwa da baƙin mai da iskar taya tun daren jiya. Mota mafi rauni ita ke bin jagora, mai kayan aiki da igiyar ja shi ne a ƙarshe. Kowa ya san hanya da kansa, kada ya dogara da bin na gaba.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ni na jawo ta. Shekarar farko da na ja ayari, na shiga wani babban shatale-tale na fita abina, ban lura danja ta raba mu ba. Motoci biyar suka bi wata jar Mini da ba tamu ba, wata baiwar Allah ce za ta kasuwa. Sai a wurin ajiye motocin kanti suka gane. Sun iso an gama tseren farko, kuma har yau ba a daina yi mini ba'a ba. Darasin shi ne, idan danja ta raba ku, kada wanda ya yi gudu ko ya keta doka don ya cim ma ayari. A haɗu a ƙofa.

Abu biyu na kuɗi. Mai ratsa Landan ya duba ko motarsa na biyan harajin hayaƙi na ULEZ, fam 12.50 a rana, wanda tun Agusta 2023 ya game dukan unguwannin birnin. Motar da ta haura shekara 40 kuma aka yi mata rajistar motar tarihi ba ta biya, amma Mini ta shekarun 1990 ba ta kai wannan matsayi ba. Mai zuwa daga arewacin kogin Thames ta mashigar Dartford kuma, babu rumfar karɓar kuɗi a wurin, ta intanet ake biya, wanda ya manta tara za ta same shi a gida.

Za mu hau kan hanyar tseren da motocinmu?

A wasu tarukan akan ba kulob-kulob zagayen nuna kai, sai an yi rajista tun kafin ranar. Ana bin motar jagora ne a hankali, ba a wuce kowa. Duk da haka, idan ka gangara Paddock Hill ko da gudun keke ne, cikinka zai faɗa maka abin da direbobin nan ke ji. Kada ka ja baya don ka samu filin taka wuta. Inshorar titi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, kuma laifin mutum ɗaya kan sa a hana kulob gaba ɗaya badi.

Me zan ɗauko? Yara fa, abinci fa, salla fa?

Tikiti a saya ta intanet kafin ranar, ya fi araha. Kujerar naɗewa, rigar ruwa, rigar sanyi ko da an wayi gari da rana, da takalmin da ba ka jin tausayinsa. Abin toshe kunne wajibi ne ga yara, salansar motocin nan suna ne kawai. A irin wannan taro ƙananan yara galibi kyauta suke shiga. Ba a shiga da dabbobi.

Akwai wuraren sayar da abinci, amma mai kiyaye halal gara ya yo guzurinsa, ba a hana shiga da shi. Mu dai fulas ɗin shayi da kular shinkafa ba sa barin but. A lokacin zafi azahar kan shiga wajen ƙarfe 1, daidai hutun rana da injuna ke yin shiru. Ɗauko darduma da gorar ruwa, ciyawa a bayan layin motocinmu ta wadatar.

Idan aka yi ruwa fa?

Ba a fasawa. 'Yan Miglia su sauya zuwa taya mai zane, a ci gaba. Ruwa ma yakan tona asirin wanda injinsa ne ke taimakonsa, ya fito da wanda hannunsa ke da laushi. Abin lura na ga motocinmu ne: a tsohuwar Mini distirbuta na gaba ne daf da ragar hanci, ruwa na dukansa kai tsaye, sai mota ta fara tari. Tsofaffin hannu kan rufe shi da safar hannu ta roba, wayoyin fulogi su fita ta yatsun. A zo da tsumma busasshe da man fesawa mai korar danshi.

Kallon ya shiga raina. Yaya ake fara tseren?

Hukumar Motorsport UK ce ke ba da lasisi. Ana yin jarrabawar sababbin direbobi da ake kira ARDS a ɗaya daga cikin filayen tsere, akwai ta rubutu kan tutoci da ƙa'idoji, akwai ta tuƙi tare da malami a gefe. Sabon shiga yana manna alamar rawaya mai baƙin gicciye a bayan motarsa har sai ya kammala tsere shida lafiya an sa masa hannu. Idan ka ga mai wannan alama a ranar, ka tafa masa ko shi ne na ƙarshe.

Shawarata, kada ka fara da sayen mota. Ka manne wa wani direba kakar wasa guda kana miƙa masa sifana, ka ga abin da taya da kuɗin shiga da gyaran inji ke ci. Ko ka shiga sahun masu tutoci, suna neman mutane kullum, horo kyauta ne, kuma babu wanda ya kai su kusa da tseren. Motar da kake ƙauna kuwa, wadda kake gogewa duk Asabar, ka bar ta a gida. Ta tsere sai wadda za ka iya kallon ƙofarta a lotse ba ka rasa barci ba.

Ƙarfe nawa ake komawa?

Tseren ƙarshe kan ƙare wajen ƙarfe 6. Ba ma yin ayari a komawa, kowa ya kama gabansa. Ƙofar fita takan cushe, tsohuwar Mini kuma ba ta son tsayuwa cikin cunkoso da inji a kunne, lagiretonta a gefe yake, allurar zafi ta fara hawa. Mu mukan bari rabin awa ta wuce, mu ƙarasa abin da ya rage a fulas. Mai igiyar ja shi ke fita a ƙarshe, sai ya ga kowace mota ta tashi.